Rabin Duniyar Kawu

Daga Allah muke, gare Shi kowa zai koma, kuma kawuna ya koma a ƙarshen rani, lokacin da tumatir ya ƙare a gonaki aka fara gyaran fangali don shinkafa. Mun kai shi makwancinsa da hantsi, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar gida. Mutane suka yi ta zuwa daga Kura, daga Bunkure, daga rugagen da ke bayan kanal ɗin ban ruwa, wasu a babur, wasu da taɓon gona a ƙafarsu.

Zaman makokin kawu ya sha bamban da waɗanda na saba gani. Sai mutum ya zo ya durƙusa, a yi addu'a a shafa, ya yi shiru kamar yadda ya dace, can kuma sai ka ga murmushi yana neman ƙwace masa. Maƙwabcinsa na gona ne ya fara kasa daurewa. Ya ce tun suna samari kawu ya tambaye shi ko jan da yake gani a jikin tumatir shi ne jan da shi kawun yake gani, kuma ga shi an rufe mutumin bai ba shi amsa ba. Mai injin casar shinkafa ya ce shi kuma an taɓa tsayar masa da aiki ana tambayarsa inda ƙara take zama, a cikin inji ko a cikin kunne. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, kowa yana kallon liman don ya ga ko an wuce gona da iri. Liman ya share ido da gefen rawaninsa ya ce Allah Ya jiƙan mai tambaya, yau ya je inda amsoshi suke.

A cikin gida kuwa wata magana ce take yawo tsakanin mata. Na shiga ɗebo ruwan sha sai na ji wata tsohuwa tana cewa mutumin kirki ne, amma ai ya wulaƙanta matarsa a ciwon ajalinsa, ya yi gaba da ita alhali tana jinyarsa. Maganar ta ƙona mini rai. Na ga yadda abin ya ƙare da idona, na san rabin labarin kawai tsohuwar ta ji. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don kada a manta da kawu, kada kuma a tuna da shi a karkace.

Kawu wan mahaifiyata ne. Manomin rani ne tun daga lokacin da ruwa ya iso yankinmu, kuma bai taɓa yin wata sana'a ba. Dogo ne siriri, mai tafiya kamar wanda ba ya son taka ƙasa da ƙarfi. A hannunsa na koyi yadda ake nutsa bututun roba a kanal, a toshe bakinsa da tafin hannu, a fizgo shi da sauri ruwa ya biyo zuwa fangali. Idan ruwan ya kama hanya, sauran manoma sukan kama wani aikin. Kawu kuwa sai ya tsuguna a kan kunya ya zuba wa ruwan ido, yana kallon yadda busasshiyar ƙasa take yin baƙi tana fitar da ƙamshi. A irin wannan lokacin ne tambayoyin suke zuwa masa. Ya taɓa ce mini ƙamshin nan, idan duk mun tafi gida babu hancin da ya rage a gonar, yana nan ko ya tafi tare da mu? Na ce yana nan mana. Ya ce to wa yake yi wa ƙamshin?

Da na girma na zama malamin kimiyya a wata sakandare a Kano, sai ya ɗauka ya sami mai amsa masa. Allah sarki, ya yi zaɓen da bai dace ba. Wata Babbar Sallah, bayan an babbake kan ragon layya an fasa, ya hana a taɓa, ya kira ni. Ya ɗora ƙwaƙwalwar a tafin hannunsa yana juya ta a hankali, fara sol, taushinta kamar na awara. Ya ce ragon nan ya san muryarsa, ko daga bayan katanga ya yi gyaran murya sai ragon ya amsa.

"To malamin makaranta, nuna mini inda muryata take a cikin nan."

Na yi masa bayanin da na iya. Na ce akwai ƙananan ƙwayoyi da ba su ƙirguwa a ciki, suna aika wa juna saƙo kamar wutar lantarki a waya, saƙon kunne yana da wurin da yake sauka, na ido ma yana da nasa. Ya saurara da kyau yana gyaɗa kai. Da na gama ya ce ya yarda, saƙo ya iso. Amma wa ya karɓa? Wa ya ji daɗin muryar? Na ce masa gaskiya, ko manyan masanan da suka ƙare rayuwarsu a kan wannan abu sun san hanyoyin da saƙon yake bi, amma yadda nama yake zama ji da gani da ɗanɗano, har yau suna ta kai-kawo a kai. Sai ya yi murna kamar na ba shi kyauta, ya miƙa wa yara ƙwaƙwalwar su kai a dafa.

Liman ya sha yi masa nasiha cewa sha'anin ruhi na Ubangiji ne, ba a ba ɗan Adam saninsa ba sai kaɗan. Kawu yakan ce haka ne, shi ma cikin kaɗan ɗin nan yake lalube. Bai taɓa wasa da sallah ba, kuma na lura tambayoyin nan ƙara masa tsoron Allah suke yi. Su ne ma suka sa shi tausayin dabba. Idan ya girbe shinkafa ba ya ƙona bunun, yakan aika ruga a kawo shanu su ci, ya tsaya yana kallon idon saniya yana cewa akwai wani a ciki yana kallon mu, sai dai ba zai faɗa ba.

Daga rugar nan ya auro matarsa, wadda duk muke kira Dada. Mace ce gajera mai kaifin hankali da ƙarancin magana, kuma kunyarta irin ta mutanen da ce. Ba ta taɓa faɗar sunansa ba, ba ta cin abinci a gabansa, idan da baƙo a ɗaki ba a jin muryarta sai gaisuwa. Shi ma haka yake da ita. Ba zai tambayi inda take a gaban mutane ba, sai dai ya ce wa yaro ya duba ko akwai wani a madafi. Amma duk wanda ya zauna a gidan ya san ita ce take riƙe da shi a ƙasa. Ita take tuna masa ranar da ruwa zai zo layinsu, ita take nemo hularsa, ita take aika a taso shi daga bakin kanal idan rana ta take.

Sau ɗaya ta taɓa yin yaji, kuma har yau ana ba da labarin. Sun je kasuwar Kura a babur, ta sauka sayen gishiri, shi kuma wani tunani ya ɗauke shi, ya tayar da babur ya kama hanyar gida yana ta yi mata bayani a bayansa. Sai da ya tsaya a ƙofar gida ya ce ta sauka, sannan ya waiga ya ga babu kowa. Dada ta hau motar Bunkure ta wuce gidan iyayenta. Da ya je biko, mahaifinta ya tambaye shi yadda mutum zai yi tafiya mai nisa haka bai san babu mace a bayansa ba. Kawu ya ce wallahi shi yana jin nauyinta har gida.

Rigimar da ta zame musu ta ƙarshe kuwa a kan magani ce. An gano yana da hawan jini, aka ba shi ƙwayoyi, yana sha yana bari. Wata safiya a farkon rani ta tarar da ƙwayoyin a aljihun rigar da za ta wanke, ruwa ya jiƙa su. Ta yi masa magana mai zafi, abin da ba ta saba ba. Ya ce ta dame shi, ta bar shi ya ji da kansa. Ta ce to za ta bar shi, ya zauna da gonarsa ta yi jinyarsa. Ya ɗauki fartanya ya fita. Kafin azahar aka tsince shi a kwance a bakin fangali, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye.

An kai shi asibiti a Kano, Allah Ya sa da sauran kwana. Ya dawo gida bakinsa yana magana sarai, hankalinsa kuma kamar yadda aka san shi, hannu da ƙafar hagu ne kawai ba sa motsi. Aka kwantar da shi a gadonsa na ƙarfe da ke jingine da bango. Bangon da taga suna damansa, sauran ɗakin duka da ƙofa suna hagunsa. Masu dubiya sukan tsaya ta wajen ƙafafunsa su gaishe shi, ya amsa har da barkwanci. Dada kuwa ta shimfiɗa 'yar tabarmarta a ƙasa daidai kansa, ta hagu, inda ba za ta tare wa kowa hanya ba. Nan take wuni da mafici a hannu.

Tun daga ranar da aka dawo da shi bai dube ta ba. Ta miƙo kunu, ba zai karɓa ba, sai 'yarsa ta amsa ta zagayo ta gabansa sannan ya sha ya sa mata albarka. Dada ta ce sannu a hankali, sai ya juya fuskarsa ga bango. Ɗakin kuma ba ya rabuwa da mutane, don babban ɗansa da ƙanin kawun suna kwana a ciki saboda juya shi. Kowa ya gani, kowa ya yi shiru, don ba a shiga tsakanin tsoho da matarsa. Dada ta ɗauka maganar ranar nan ce ya riƙe. Ta rame, idanunta suka faɗa, amma ba ta fasa fifita ba. Mahaifiyata ta gaya mini ta same ta a bayan rumbu tana kuka, tana cewa idan ya tafi bai yafe mata ba ina za ta sa kanta. Ni ma, Allah Ya sani, na ji haushin kawu a lokacin.

Wata Asabar na zo daga Kano ya roƙe ni in kai shi ya ga gona. Muka ɗauko adaidaita sahu, muka cicciɓe shi har bakin kanal, muka zaunar da shi a kujerar roba. La'asar ce mai sanyi, ruwa yana tafiya a hankali, balbelu suna bin wani mai huɗa can nesa. Gonar kawu kashi biyu ce, tumatir a dama, albasa a hagu, kuma albasar ta yi kyau shekarar nan, kore shar. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni dalilin da ya sa yara ba su dasa albasa bana ba. Na nuna masa da hannu, na ce ga ta nan. Ya ce ina? Idanunsa a buɗe suke, babu abin da ya tare su. Sai na kama kujerar na juya ta kaɗan zuwa hagu, yadda albasar ta dawo damansa. Ya ja numfashi.

"Ikon Allah. Yanzu ka dasa ta?"

Na mayar da kujerar yadda take, albasar ta ɓace masa. Na sake juyawa, ta dawo. Na tambaye shi ko duhu yake gani ta wancan ɓangaren, ya ce wane ɓangaren? A wajensa duniya cikakkiya ce, babu inda ta gutsure. Sai a lokacin na tuna yadda yake cin rabin tuwo ya bar rabin a malmale ya ce a ƙaro masa, mu kuma muna cewa rigimar mai ciwo ce.

Muna nan zaune, har na ɗauka gyangyaɗi yake. Can ya yi magana ba tare da ya dube ni ba, muryarsa ƙasa-ƙasa saboda mai adaidaita.

"Ɗan ƙanwata, zan tambaye ka abin da ban iya tambayar 'ya'yana ba. Mutuniyar, tana ruga ne?"

Na ce wace mutuniyar?

"Ta ce za ta bar ni, kuma ta cika alkawari. Ban ga laifinta ba, ni na jawo. Sai dai wani lokacin ina jin muryarta tana ce mini sannu, kamar daga cikin bango. In juya, babu kowa. Ka ga abin da kewa take sa wa tsoho."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Tun dawowarsa daga asibiti matar nan tana zaune kusa da kunnensa, kamu ɗaya tsakaninsu, shi yana kewarta yana jin nauyin tambaya, ita tana jiran ya dube ta tana jin nauyin magana.

A ranar na kira wani abokina ma'aikacin jinya na kwatanta masa. Ya ce sananniyar larura ce ga wasu masu shanyewar ɓarin hagu. Idon lafiyarsa ƙalau, saƙo yana shiga, amma sashen ƙwaƙwalwar da yake tattara abin da ke hagu ya ajiye shi a gaban mutum shi ne ya sami rauni. Ya ce in yi tunanin ƙeyata. Ba duhu nake gani a bayana ba, wurin ne kawai babu shi a cikin ganina, kuma ba na jin na rasa komai. Haka hagun kawu ya zama. Da na koma wajen kawu na maimaita masa wannan, maimakon ya tsorata sai idonsa ya yi haske irin na da. Ya ce ashe duniyar da mutum yake ciki a cikin kansa ake ɗinka masa ita kullum, shi kuma telansa ya rage hannu ɗaya. Sannan ya tambaye ni abin da kuma yake wancan ɓangaren wanda bai sani ba. Na ce ya bari sai da safe.

Dada ce ta ba mu wahala. Na same ta a madafi na durƙusa na yi mata bayani, ta ce mutum da idonsa biyu a buɗe, wanda yake gane balbela ta taga, ba za a ce bai ga mace a gefensa ba. Ta ce in daina rufa masa asiri, ta san abin da ta faɗa masa. Na ce to ta zagayo ta gabansa ta tsaya ta gani. Ta ce ita ba yarinya ba ce da za ta je ta tsaya wa namiji a gaba, idan ya sake kawar da kai a gaban 'ya'yanta fa? Mahaifiyata ce ta raba gardamar, da yake akwai wasa tsakaninta da matar wanta. Ta ce tunda Bafillatana ta fi ƙarfin ta zagaya gado, to gadon zai zagayo ta. Kada ta motsa daga tabarmarta, ta zauna inda ta saba.

Da hantsi mahaifiyata ta kori kowa daga ɗakin ban da Dada, ta ce za a yi shara. Ni da babban ɗansa muka ɗaga gadon da kawu a kai, muka juya shi, kai ya koma inda ƙafa take. Bango ya koma hagunsa. Muna juyawa yana ta kallon ɗakin da ya kwana a ciki shekara da shekaru kamar baƙo, ga ƙofa, ga adakar kayansa, ga buzun sallarsa rataye a ƙusa. Ɗansa ya fita. Ni na tsaya gyara masa matashi, don ba ya iya zama sai an tokare shi.

Dada ta ja tabarmarta kaɗan, kanta a sunkuye, kwanon kunu a gabanta. Na ga lokacin da idonsa ya sauka a kanta.

"Kin dawo?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ina na je?"

"Tun yaushe kike nan?"

"Tun da aka kawo ka, Malam. Nan nake wuni."

Ya dube ta, ya dubi tabarmar da ta lotsa daidai inda take zama, ya dubi mafici da bakinsa ya fara zarewa. Sannan ya miƙa hannunsa mai lafiya, a gabana, abin da ban taɓa gani ba tun da nake, ya kama gefen mayafinta.

"Ashe ni ne na tafi. Ki yafe mini."

Dada ta ce ita ce mai neman gafara. Ta ɗauki kwanon ta kai bakinsa da hannunta, ya sha. Na sulale na fita na ja musu labule, na tarar da mahaifiyata a tsakar gida riƙe da tsintsiya, ba ta share komai ba.

Ya rayu har ƙarshen ranin nan, hagunsa bai dawo ba. Amma ya koyi wata dabara. Duk wanda ya shigo, bayan gaisuwa sai ya ce masa ya duba ɗaya ɓangaren ko akwai wanda yake jira a gan shi. Ranar da ciwon ya sake bugunsa, da safe ne, Dada tana damansa. An ce da numfashinsa ya fara sama, sai ta tashi tsaye a gaban 'ya'yanta da ƙannensa da liman, ta sunkuya ta sa fuskarta daidai inda idonsa yake kallo, ta riƙa tuna masa kalmar shahada. Ba ta kauce ba sai da aka rufe masa ido.

Allah Ya gafarta wa kawu, Ya yalwata masa kabarinsa dama da hagu, Ya ba Dada haƙurin zama a ɗakin. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.